Poly-Rythmo ta Kwatano: ƙungiyar da tsofaffin fayafayanta suka tashe ta

A wannan makon shirinmu ya leƙa Kwatano, a Jamhuriyar Benin, don jin tarihin ƙungiyar makaɗa ta Orchestre Poly-Rythmo, wadda Mélomé Clément ya kafa a shekarar 1968.

Me ya bambanta su da sauran? Sun ɗauki kiɗan gargajiya na bukukuwan Vodun, irin su Sato da Sakpata, suka ɗora shi a kan jita da ƙaho da gangunan zamani, suka gauraya da salon James Brown na Amurka da na Fela Kuti. A shekarun 1970 babu gidan rawa a Kwatano da bai san su ba. Sukan tsallaka iyaka zuwa Legas su ɗauki waƙoƙi, saboda can ne ake da na'urori masu kyau. Waƙarsu "Gbeti Madjro" tana cikin waɗanda suka fi fice.

To, amma daga farkon shekarun 1980 al'amura suka juya. Mai kaɗa musu jita, Papillon, ya rasu, haka ma mai gangarsu Yehouessi Léopold. Tattalin arzikin ƙasar ya taɓarɓare, wasa ya yi ƙaranci, kowa ya kama neman abin kai wa bakin salati.

Abin da ya dawo da su shi ne fayafayan garmaho da suka bari. Kamfanin Soundway na Ingila ya tattara wasu ya sake fitarwa a 2004, sannan Analog Africa na Jamus ya biyo baya a 2008. Wata 'yar jaridar rediyo daga Faransa, Élodie Maillot, ta nemo dattawan da suka rage, ta taimaka musu suka zagaya Turai a 2009. A 2011 suka fitar da sabon kundi, "Cotonou Club", har da muryar Angélique Kidjo a ciki. Mélomé Clément ya rasu a ƙarshen 2012, bayan ya ga wannan rana da idonsa.

Jama'a, abin lura a nan shi ne: da fayafayan nan sun lalace, da babu mai tuna su a waje. Tsofaffin kaset-kaset da ke jibge a gidajenmu da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, zafi da ƙura na cin su kullum. Mai irin su ya adana, a kwafe su zuwa kwamfuta tun masu waƙar suna raye, su ma su ci moriyar guminsu.