Fasahar Sol-jel da Siririn Shafe a kan Gilashi

Gabatarwa

Hanyar da aka gada ta yin gilashi ita ce narka yashi da wasu ma'adinai a cikin tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,500. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata hanya dabam, wadda ake fara aikinta da ruwa-ruwa a zafin ɗaki, ana kiran ta sol-jel.

Ma'ana da Asali

Kalmar "sol" tana nufin ruwan da ƙananan ƙwayoyi suke yawo a cikinsa ba tare da sun kwanta ba, kamar madara. "Jel" kuwa shi ne halin da ruwan yake shiga idan ƙwayoyin suka sarƙe da juna suka riƙe shi a tsakaninsu, kamar yadda madara take kamawa ta zama kindirmo. Masanin kimiyyar sinadarai ɗan Sikotilan, Thomas Graham, shi ya fito da waɗannan kalmomi a 1864. Tun kafin nan, a 1846, Bafaranshe Ebelmen ya lura cewa wani sinadarin silikon yakan daskare ya zama tamkar gilashi idan ya sha danshin iska. A 1939 ne Geffcken da Berger na kamfanin Schott a Jamus suka yi rajistar amfani da wannan dabara wajen shafe gilashi.

Yadda Ake Aikin

Da farko ana narkar da sinadarin silikon ko na titaniyam a cikin alkohol, a ƙara ruwa da ɗan asid. Ruwan yakan farfasa sinadarin, gutsattsarin kuma su riƙa haɗuwa har a sami sol. Daga nan sai a tsoma gilashin a ciki, kamar yadda marini yake tsoma zane a baba, a zaro shi a hankali. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon saurin zarowa, gwargwadon kaurin shafen. Wata hanyar kuma ita ce a ɗiga sol ɗin a kan faranti mai juyawa da gudu, ya bazu. Alkohol yana ƙafewa, sai jel ya kama. A ƙarshe a gasa shi a zafin digiri 400 zuwa 600 domin ya yi ƙarfi.

Kaurin shafen bai cika kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Idan ya zarce haka, yakan tsage wajen bushewa, domin samansa yana ƙanƙancewa alhali ƙasansa na manne da gilashi, tamkar laka a gindin tafki da rani. Saboda haka mai neman kauri sai ya maimaita shafen sau da dama.

Amfaninsa

Kowace fuskar gilashi tana mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. Shafen silika mai ƙananan ƙofofi yana rage wannan asara ƙwarai, shi ya sa ake yin sa a kan gilashin farantan lantarki mai aiki da hasken rana, da madubban manyan na'urorin leza na ɗakin bincike na Livermore a Amurka. Bugu da ƙari, shafen titaniya yana ruguza maiƙo da datti idan rana ta haska shi. Ana kuma shafa sol-jel a kan alminiyam na jiragen sama domin fenti ya kama, a rage dogaro da sinadarin kuromiyam mai haddasa sankara.

Kammalawa

A taƙaice, darajar wannan fasaha tana ga sauƙin kayan aikinta da ƙarancin wutar da take ci. Rauninta kuwa shi ne tsadar sinadaran, da kuma yadda shafe mai ƙofofi yake lalacewa idan ƙura ta yawaita gogarsa. Wannan matsala ta shafi duk ƙasar da hazo da ƙura suke rufe faranta, kuma a kanta ne manazarta suke ci gaba da bincike.