Kafin Ka Miƙa Takardar Neman Aiki, Karanta Ta

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar malamai, ko da na ƙaramar makarantar kuɗi ne a Tukur-Tukur, ya san wannan takaicin. Ga takardu jibge a kan tebur, amma sai ka rantse mutum ɗaya ya rubuta su. Kowa "mai hazaƙa" ne, kowa "yana jure matsin aiki", kowa "gwanin haɗa kai da abokan aiki". Dalilin a fili yake. Yaro ya je shagon kwamfuta, mai shago ya buɗe si-bin wanda ya zo jiya, ya goge suna ya sa sabo. Wani lokaci har a manta ba a canza lambar waya ba, a kira ka intabiyu, wani ya ɗauka. In ma ka samu zuwa, a tambaye ka me Turancin nan yake nufi, sai sosa ƙeya. Haba samari! Takardar da za ta yi maka magana a bayan idonka, ba ka ko karanta ta ba?

Masu ɗaukar aikin ma ba su fita ba. Suna neman wanda bai haura shekara 26 ba, amma ya yi shekara biyar yana aiki. A ina zai samo su, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, ga bautar ƙasa? Sai an zo maganar albashi kuma ka ji bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da doka ta yanke a 2024 ba.

Mu da muke makwabtaka da Kamfanin Gaskiya bai kamata a koya mana cewa aikin mutum ne ke yi masa magana ba. Abubakar Imam malamin makarantar Midil ne a Katsina. Littattafansa Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce Baturen nan Rupert East ya gani, shi ya sa da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 aka ba shi edita. Aikinsa ne ya gabace shi.

To, kai ma rubuta abin da ka yi da hannunka. Ka koyar da aji nawa, a wace makaranta, wane darasi? Ka taɓa riƙe lissafin shago? Faɗi. Shafi ɗaya ya isa. Ka zauna kusa da mai bugawa, ka duba sunanka, ka kira lambar da ya sa ka ji ta shiga. Kalmar da ba za ka iya bayaninta da bakinka ba, a cire ta.

Tallar aiki kuwa, komai kyan Turancinta, in ta ce a biya kuɗin fom ko kuɗin gurbi, ka yi hattara. Naira 1,000 aka karɓa wurin masu neman aikin hukumar shige da fice, kuma ranar 15 ga Maris, 2014, mutane suka mutu a turmutsutsun jarrabawar. Iyaye, kafin ku sayar da gona a saya wa yaro "ofa", ku je ofishin da ƙafarku ku tambaya.