Kutemeshi da Kamfanonin Fasaha: Abin da Ƙaramin Gari Ya Fi Legas da Shi

A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sa aka rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, ciki har da Birnin Gwari, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Aka haɗa da hana hawa babur da rufe kasuwannin mako. Ba a saki layi ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata biyu wayar da ke aljihun mutumin Kutemeshi, a gabashin Birnin Gwari, ba ta da wani aiki sai haska hanya da kama rediyo. Kafin nan, a watan Fabrairu na shekarar, 'yan bindiga sun shiga garin sun kashe mutum 14. Saboda haka wanda ya ji an haɗa sunan Kutemeshi da kamfanin fasaha a magana ɗaya, in ya yi dariya ba a ga laifinsa ba. Amma ni ina ganin maganar ta fi ƙarfin dariya.

Sabon kamfanin fasaha, irin wanda ake ta yayi yanzu, ba wani abu ba ne illa mutum uku ko biyar da suka ɗauki matsala guda, suka ce za su warware ta da manhaja ko wata na'ura, da ɗan jarin da ba zai kai su nesa ba. Kafin kuɗin ya ƙare dole su gano ko akwai mai bukatar abin da suka ƙera har ya yarda ya biya. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Ba rashin gwaninta ke kashe su ba, ƙera abin da babu mai nema ne. A Nijeriya mafi yawan jarin da ake zubawa a wannan harka Legas yake tsayawa, kuma da dalili: can masu kuɗin suke, can injiniyoyin suke, can aka haifi Paystack wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan fiye da dala miliyan 200. Sai dai Legas tana karɓar nata haraji. Hayar ofis ta isa ta cinye jarin shekara, ma'aikaci yana ɓata sa'o'i a cunkoso, wanda ka koya wa aiki yau gobe maƙwabci ya ƙara masa albashi ya ɗauke shi ko ya haura Turai. Ga shi kowa ido ya kai kan mutum iri ɗaya: mai babbar waya, mai asusun banki, mai jin Turanci.

Tarihin M-Pesa na Kenya, tsarin aika kuɗi ta waya, ya fi kowanne nuna amfanin ƙaramin wuri. Kafin a buɗe shi ga ƙasa baki ɗaya a 2007, an fara gwada shi a 2005 da 'yan ɗaruruwan mutane, akasari a garin Thika da ke arewa maso gabashin Nairobi. Niyyar masu shi ita ce a sauƙaƙa wa masu ƙananan rance biyan bashi ta waya. Da suka zauna suna duba yadda kuɗi ke yawo, sai suka ga mutane sun karkata abin zuwa wata bukata tasu: wannan yana aika wa ɗan'uwansa kuɗi, wancan yana ajiye cinikin yini a waya don kada ya kwana da shi, wani yana zubawa kafin ya hau mota ya cire in ya sauka. Da yake mutanen ba su da yawa, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya a tambaye su dalili. Nan aka gane cewa aika kuɗi gida ne ainihin kasuwar, aka juya akalar kamfanin gaba ɗaya. Da a tsakiyar miliyoyi aka fara, da wuya a lura da wannan a kan lokaci.

Kamfanin Zipline, mai kai jini da magunguna asibitoci da jirage marasa matuƙi, na Amurkawa ne, amma a Muhanga ta ƙasar Ruwanda ya fara aiki a 2016, saboda ƙaramar ƙasa ta fi saurin ba da izini kuma duwatsunta sun sa bukatar ta fito fili. A Indiya, Sridhar Vembu na kamfanin Zoho ya buɗe ofis a ƙauyen Mathalamparai kusa da Tenkasi a 2011, yana ɗaukar yaran karkara yana koya musu rubuta manhaja, daga baya shi kansa ya tare can. Ba ma sai an je nesa ba. Shi wannan Zipline ɗin, da ya zo Jihar Kaduna, a Pambeguwa ya kafa sansaninsa a 2022. Kamfanin Babban Gona kuwa, wanda Kola Masha ya kafa a 2012, da 'yan tsirarun manoman masara ya fara a arewacin jihar, yau manoman da ke hulɗa da shi sun kai dubbai masu yawa. Dabararsa ita ce ya haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya ta mutum uku zuwa biyar waɗanda suka san juna, a ba su iri da taki bashi, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. Manhajar da ma'aikatansa ke yawo da ita a gona tana da amfani, amma abin da ya riƙe bashin sanayya ce.

To wannan sanayyar ita ce babbar dukiyar Kutemeshi da maƙwabtanta na gabashin Birnin Gwari, irin su Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa. Kamfanin ba da rance ta waya a birni yana kashe maƙudan kuɗi don ya san wane ne mai neman bashin. Ya nemi lambar BVN, ya nemi ta NIN, ya leƙa saƙonnin da ke wayar mutum, in an ƙi biya wasu har su bi lambobin 'yan'uwa da surukai suna aika saƙon cin mutunci. Duk don ba su san shi ba ne. A Kutemeshi kuwa mai unguwa ya san gonar kowa da iyakarta. Dillalin hatsi ya san wanda ya kawo buhu ashirin bara da wanda fari ya kama. Uwar adashi ta san matar da ba ta taɓa tsallake zubi ba. Wannan duk bayani ne mai tsada, sai dai a ka yake, ba a rubuce ba. Kuma da yake ba a rubuce yake ba, banki ba ya ganinsa, sai manomi ya koma ga ba-da-kaka: ya karɓi kuɗin taki da damina a hannun mai hali, da kaka ya biya da buhunan masara a farashin da mai kuɗin ya yanka, lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci araha. Watanni kaɗan bayan haka ya dawo kasuwa ya sayi tiyar masarar da ya noma da tsada. Yaron garin da ya iya kwamfuta, wanda mahaifinsa ya sha wannan ɗaci, ya fi duk wani gwani na unguwar Yaba ta Legas sanin inda za a sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A duba mai POS ranar kasuwa. Yana zaune ƙarƙashin lema da ɗan teburi, da na'ura biyu na kamfanoni daban don in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi, da littafin makaranta da yake rubuta kowace shiga da fita, da batirin caji a ɗaure da roba. Wani ya sayar da buhu goma, mai saye ya ce ya tura, ya nuna hoton rasit a wayarsa, amma alat bai shigo ba. Mota ta cika tana jira, rana tana yin ƙasa, kuma ba mai son magariba ta same shi a hanyar nan. Mai POS ya miƙe ya ɗaga na'ura sama yana neman sabis, ya matsa gindin bishiyar da aka san yana ɗan kamawa. A ƙarshe abin da ke raba gardamar shi ne wani dattijo ya ce, “Alhaji, sake masa kaya, na san gidansu.” Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 irin wannan ciniki ya zama ruwan dare, kuma kamfanoni irin su Moniepoint da OPay sun samu alheri mai yawa a cikinsa. Amma har yanzu an ƙera kayan ne don inda sabis ba ya yankewa. Wanda ya gina hanyar biya da za ta jure yankewar layi, ta yi aiki a ƙaramar waya mai madannai, ta yi magana da Hausa da murya don wanda karatunsa na allo ne, ya kuma shigar da lamunin dattijon nan cikin lissafi, ba Kutemeshi kaɗai ya yi wa aiki ba. Kasuwarsa ta miƙe daga Funtuwa zuwa Gusau, ta haura Maraɗi da Damagaram, duk inda mai Hausa yake fama da irin wannan hali, mutane miliyoyi.

Ƙaramin gari kuma ba ya ɓoye wa mutum gaskiya. A birni kamfani na iya shekara yana sayen talla a Facebook, yana ƙirga waɗanda suka sauke manhajarsa, yana ruɗin kansa da masu jarinsa. A Kutemeshi in abin ya ci wa mutum ɗaya kuɗi da hantsi, kafin la'asar an gama zancensa a majalisa da wurin mai shayi. In kuma ya yi amfani, ba a bukatar allon talla. Ga mai ƙaramin jari, samun hukunci da wuri rahama ce, ko da hukuncin mai ɗaci ne.

Sauran abubuwan da za a iya taɓawa ba sai an ja su ba: hayar tarakta irin ta kamfanin Hello Tractor, rumbun ajiya mai ba da rasit, sanar da farashin Dawanau da Funtuwa kafin a loda mota, cinikin zuma da kaɗanya daga bakin dajin Kamuku, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1999 kuma ya zarce murabba'in kilomita dubu.

Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan tsaro, kuma wanda ya ce ba haka ba yaudara yake. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka karɓi tuban wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, manyan motoci suka koma lodi. An samu sauƙi, kuma jama'ar masarautar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Maigwari II sun fi kowa sanin darajarsa. Amma sulhu da mai bindiga a hannu abu ne da ake lallaɓawa. Akwai ma wani haɗari da masu fasaha na birni ba su cika tunawa da shi ba. Rajistar da ta nuna wane ya sayar da buhu nawa, wane kuɗi ya shigo masa jiya, a yankin da aka sha fama da masu kai rahoto ga 'yan daji, jerin sunayen waɗanda za a sace ne in ta faɗa hannun banza. Kamfanin da zai yi aiki a nan dole ya tara bayani kaɗan gwargwadon bukata, ya kulle shi, ya kuma san wa yake ɗauka aiki. Wannan ma dalili ne na a ce 'yan gida su riƙe ragamar, domin su ne za su kwana a garin in abu ya ɓaci.

Ban ce injiniyoyi za su kwashe kwamfutocinsu daga Barnawa ta Kaduna, inda Sanusi Isma'ila ya buɗe cibiyar fasaha ta CoLab a 2016, su tare a Kutemeshi bana ba. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, makarantu da dama sun yi shekaru a rufe, kuma yaran da suka samu fita karatu Zariya ko Kaduna ba su da abin da zai ja su gida. Abin da zai yiwu yanzu shi ne mai rubuta manhaja ya zauna Zariya ko cikin garin Birnin Gwari, wakilai da abokan ciniki na farko da masu hannun jari su kasance a Kutemeshi, a riƙa zuwa ana dawowa. Farantin sola ya yi sauƙi fiye da da, intanet na tauraron ɗan'adam na Starlink ya shigo Nijeriya tun farkon 2023. Ya yi wa mutum ɗaya tsada, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba. Bambancin da nake so a kiyaye shi ne tsakanin kamfanin da ya ɗauki gari gida da wanda ya ɗauke shi wurin gwaji, ya zo ya ɗauki hotunan manoma don nuna wa Turawa masu ba da tallafi, ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Irin na biyun mun gan su da yawa.

Gwamnati kuwa, don Allah, kada ta fara da gina “cibiyar fasaha” a yanka zare a ɗauki hoto, bayan shekara a tarar da kwamfutoci sun yi ƙura an kulle ƙofa. Dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoban 2022 tana nan, haka asusun da ke ƙarƙashin hukumar NCC don kai sadarwa karkara. Abin da mazaɓar Kutemeshi ke bukata daga cikinsu bai wuce turakun sadarwa masu aiki da hasken rana da za a tsare su ba, da gyaran hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, da kuma ƙaramar hukuma ta zama mai saye na farko in yaran yankin sun ƙera abu mai amfani, kamar yadda gwamnatin Ruwanda ta yi wa Zipline. Jarin farko ma ba sai an jira shi daga Landan ba. Manyan 'yan kasuwar hatsi da shanu na yankin sun saba ba yaro jari a raba riba, kuma shari'a ta san wannan tun tuni. Ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta san 'ya'yan yankin da suka karanta kwamfuta da aikin gona, ta kuma san masu kuɗin. Ta tara su a zaure ɗaya kafin damina mai zuwa, a zaɓi matsala ɗaya, a fara da manoma hamsin.