Littattafan Abota Na Yara: Abin Da Masu Karatu Ke Gardama A Kai

Kuɗin makaranta damuwar iyaye ce. Abin da ke hana yaro ɗan shekara 10 barci dabam ne: wa zai zauna kusa da shi a aji, wa zai kira shi wasa in an fita tara, za a kuma yi masa dariya saboda takalminsa ko saboda yadda yake magana? Masu buga littattafai a Amurka sun san wannan, shi ya sa suka ware rukunin labarai musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 12, da yawansu kuwa a kan abota suke, da yadda baƙo ko wanda ya fita dabam yake samun shiga cikin tsaransa. Da Turanci aka rubuta su, amma wasunsu sukan iso hannun 'ya'yanmu, ko a takarda ko a fim. Ya kamata fa mu san abin da waɗanda suka karanta su suke faɗi, gama bakinsu bai zo ɗaya ba. Bari mu duba guda uku.

Na fari shi ne The Hundred Dresses, wato riguna ɗari, wanda Eleanor Estes ta fitar a 1944. Labarin wata yarinya ce, Wanda, 'yar baƙi mutanen Folan, wadda kullum riga ɗaya koɗaɗɗiya take zuwa makaranta da ita. Wata rana ta ce tana da riguna ɗari a gida, sai 'yan ajin suka mai da ita abin ba'a. Peggy ce kan gaba wajen tsokanar. Ƙawarta Maddie ba ta jin daɗin abin, amma ita ma 'yar talakawa ce, tana tsoron in ta buɗe baki a juyo kanta, don haka ta yi shiru. Ana nan sai mahaifin Wanda ya aiko wa makaranta wasiƙa cewa sun ƙaura zuwa babban birni inda ba za a yi musu dariyar suna ba. A lokacin ne kuma aka gane rigunan ɗari zane ne Wanda ta yi a takarda, har ta ci gasar zane ta ajin, ga shi ba ta nan balle ta karɓi yabo.

Akwai masu karatu da ƙarshen labarin bai gamsar da su ba. Suna cewa ina amfanin nadamar Maddie tun da ba ta sake ganin Wanda ido da ido ba, wasiƙar da suka aika mata ma ta gaisuwa ce kawai, babu neman gafara a ciki? Malaman makaranta da yawa kuwa nan ne suke ganin ƙarfin littafin. A ƙuri'ar da babbar ƙungiyar malaman Amurka ta yi ta intanet a 2007, ya shiga cikin littattafan yara 100 da malamai suka fi so, alhali kuwa ya haura shekara 60 da fitowa. Ita marubuciyar daga rayuwarta ta ɗauko shi, domin akwai wata 'yar ajinsu da aka riƙa yi wa ba'a, ta bar garin kafin a gyara. Yaron da ya karanta yakan gane cewa akwai ranar da ƙofar neman gafara takan rufe, mai shiru kuma yana da nasa kason laifin.

Na biyu shi ne wanda ya fi tā da ƙura, wato Bridge to Terabithia na Katherine Paterson. Ya fito a 1977, ya kuma ci lambar Newbery a 1978, lambar da Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka take bayarwa ga littafin yara mafi kyau na shekara. Jess yaro ne ɗan ƙauye a jihar Bajiniya, shi kaɗai namiji a cikin mata huɗu, yana son zane amma yana ɓoyewa don kada a raina shi. Leslie baƙuwa ce daga birni, ta tsere wa dukan yara maza a gudu, gidansu kuma babu talabijin, abin da ya sa 'yan aji suka yi ta yi mata dariya. Su biyun suka zama aminai, suna lilo da igiya su haye rafi zuwa wani kurmi da suka mai da shi masarautarsu ta wasa. Wata rana malamar kiɗa ta tafi da Jess kallon gidajen tarihi a Washinton, bai ce a tafi da Leslie ba. Kafin ya dawo igiyar ta tsinke, Leslie ta faɗa rafin ta mutu.

Iyaye da dama sun kai ƙara makarantu da ɗakunan karatu a janye littafin. A lissafin ƙungiyar nan ta ɗakunan karatu, yana cikin littattafai 10 na farko da aka fi kai ƙararsu a Amurka tsakanin 1990 da 1999. Dalilan da aka bayar sun haɗa da cewa mutuwa ta yi wa yara nauyi, da cewa Jess yakan ambaci sunan Ubangiji ba cikin addu'a ba, wasu ma suka ce masarautar wasan nan tana koyar da tsafi. Akwai kuma inda Leslie ta bi su Jess majami'a ranar Ista. Labarin Yesu ya ba ta sha'awa ƙwarai, amma da ƙanwar Jess ta ce wanda bai gaskata Littafi Mai Tsarki ba wuta zai shiga, Leslie ba ta yarda ba. Bayan mutuwarta wannan maganar ce ta dami Jess, har ya kai ta gaban mahaifinsa.

To, ga abin da mai jin ƙarar daga nesa ba zai sani ba. Paterson 'yar mishan ce, a ƙasar Sin aka haife ta a 1932. Ita kanta ta yi aikin mishan a Japan, ta kuma auri fasto. A 1974 tsawa ta kashe aminiyar ɗanta David, yarinya 'yar shekara 8, sai uwar ta rubuta labarin tana neman yadda ita da ɗanta za su ɗauki wannan rashi. David ɗin nan da ya girma yana cikin waɗanda suka rubuta fim ɗin littafin na 2007. Tambayar da Jess ya yi kuwa, duk mai koyarwa a makarantar Lahadi ya san yara suna yin irinta in aka yi rasuwa a unguwa. Ɓoye littafin ba zai hana su yin ta ba. Sai dai masu ƙarar suna da gaskiya a wuri ɗaya: bai kyautu a miƙa wa yaro irin wannan labari a juya masa baya ba, balle wanda bai daɗe da yin rashi ba.

Na uku shi ne Wonder na R. J. Palacio, na 2012, wanda aka yi fim ɗinsa a 2017. August yaro ne ɗan shekara 10 da aka haifa da tawaya a fuska, an yi masa aiki sau 27, a gida ake koya masa karatu sai da ya kai aji 5 ya shiga makaranta. Abokinsa na farko, Jack, ya ci amanarsa ranar wani bikin da yara ke ɓad da kama. August yana cikin shigar da ba a gane shi ba, ya ji Jack yana aibata fuskarsa don ya burge wasu yara. Daga baya Jack ya yi nadama, suka shirya, a ƙarshen shekara kuma makaranta ta ba August lambar girma.

Iyaye da malamai sun rungumi wannan littafin, gama ya ƙare da murna, yana kuma koyar da kirki a fili. Amma a nan ƙorafin daga wani ɓangare ya fito, wato daga wasu masu irin wannan tawayar. Sun ce an nuna zama aboki da August kamar wata sadaka ce da ake yaba wa mai bayarwa. Sun ce lambar girman nan ba ita suke nema ba, so suke a ɗauke su kamar kowa. Sun kuma yi kukan cewa a fim yaro mai lafiyar fuska aka ɗauko aka yi masa kwalliyar tawaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ya kamata a saurare su.

In muka haɗa ukun, za mu ga abin mamaki. Wanda ya ƙare da hawaye an ce ya yi ɗaci, wanda ya ƙare da tafi an ce zaƙinsa ya yi yawa. Amma duka ukun wuri ɗaya suke taɓa yaro. Yawancin yara ba su ne Wanda ko August ba, ba su ne kuma shugabannin masu ba'a ba. Su ne Maddie da ta yi shiru, da Jack da ya sayar da abokinsa don a karɓe shi, da Jess da ya tafi yawo shi kaɗai. Labarin da ya sa yaro ya ga kansa a wannan matsayi ya yi aikinsa, ko da ya sa shi kuka.

Saboda haka, iyaye da malamai, gani ya kori ji. Littattafan nan ba su da tsawo, na riguna ɗarin ma zama ɗaya ya isa a gama shi. Ku karanta tukuna kafin ku hana ko ku bayar. In yaron ya gama, kada ku tsaya kan tambayar darasin da ya koya, domin zai faɗa muku abin da ya san kuna so ku ji. Ku tambaye shi wa ke zama shi kaɗai a ajinsu, me ake kiransa, shi kuma me yakan yi in an fara dariya. Sa'an nan ku yi haƙuri ku saurari amsar har ƙarshe. Allah ya ba mu hikimar reno.