Keken motsa jiki na zamani: Biya ba ya ƙarewa a ranar saye

Mai neman keken motsa jiki na cikin gida, irin mai haɗuwa da intanet, yakan tsaya kan farashi da girman allo, alhali tarkon yana gaba. Kamfanin Peloton na Amurka yana karɓar fiye da dala 40 duk wata. Wanda ya daina biya, darussan horon sun rufe ke nan, allon ya kusa zama ado. Keken kuma ba ya aiki kai tsaye da manhajar Zwift, saɓanin na Wahoo da ke karɓar manhajoji daban-daban.

Sai ingancin ƙarfe. A 2023 Peloton ya yi wa kekuna kimanin miliyan 2.2 kiranye saboda sandar sirdinsu tana karyewa. Mai sayen na hannu ya fara tambaya ko an sauya ta.