Maza Ma Na Kamuwa da Sankarar Mama

Duk watan Oktoba ana gangamin wayar da kai kan sankarar mama, amma kusan duk jawabin mata ake yi wa. Namiji ya ji a rediyo, ya ce ba da shi ake ba. Alhali a bayan kan nonon kowane namiji akwai 'yan hanyoyin nono irin na mace, sai dai ba su girma ba, kuma a nan cutar take tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 na masu wannan cuta maza ne.

A shekarar 2019 Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiyar Amurka Beyoncé, ya fito fili ya ce ta kama shi. Ɗigon jini ya riƙa gani a gaban rigarsa. Bai tsaya jira ba, ya nufi likita, aka gano ta da wuri aka yi masa tiyata.

Galibi tana fara nuna kanta da ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono, wanda ba ya zafi. Rashin zafin nan shi yake yaudarar mutane. Wani kan nonon ne zai shige ciki, ko ya riƙa fitar da ruwa, ko wani ƙullutun ya fito a hammata. A wajenmu kuwa sai a ce maruru ne, a kai wa wanzami ya tsaga. In ya ƙi warkewa a ce daji ne, daji kuma ba ya son allura. Wannan magana ta cuci bayin Allah da yawa, domin kafin a isa asibiti cutar ta riga ta yaɗu.

Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma ƙiba da ciwon hanta mai tsanani suna ƙara haɗarinta. Akwai kuma gado: matsalar ƙwayar halittar BRCA2, wadda aka samu a jikin Knowles, uba na iya gadar wa ɗansa ko 'yarsa.

Akwai magani. Ana tiyata, ana gashi, ana ba da ƙwayar tamoxifen, kuma da yawa suna samun sauƙi idan an tare ta da wuri. Malam, idan ka taɓa ƙirjinka ka ji abin da ba ka saba ji ba, ka ajiye kunya ka je asibiti a duba ka.