Sanin Kasuwa Ma Jari Ne

Ni ɗan Jibiya ne, kuma a gidan 'yan hatsi na tashi. Garinmu yana bakin iyaka. In ka wuce Magama ka tsallaka, sai Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne, ba kuɗi kaɗai ne jarin ɗan kasuwa ba. Abin da ya sani, da yadda ya adana shi, shi ma jari ne.

Ɗan kasuwar iyaka tilas ya san canjin naira da sefa na ranar. Ya san lokacin da wake ke araha, da dillalin da ke da amana, da takardun da kwastan ke nema.

Kawuna duk ya san waɗannan, amma a ka ya ajiye su. Ba ya rubutawa, ba ya kuma gaya wa yaransa. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakoki, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. A tsakanin nan Allah ya yi masa rasuwa. Aka rasa wanda ya san mutanen da yake bi bashi a Maraɗi, balle yawan kuɗin. Haka rumfarsa ta mutu, iyalinsa suka shiga wahala.

Mahaifina kuwa yana da littafi. Kowace ranar kasuwa yakan rubuta farashi, da bashi, da sunan mai saye da garinsa. Da dare yakan zauna da yaransa, kowa ya faɗi abin da ya jiyo, shi kuma ya nuna musu inda suka yi kuskure. Da aka rufe iyaka, sai ya buɗe littafin nan, ya ga sunayen tsofaffin abokan cinikinsa na Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano, ya juya can. Da aka sake rufewa a 2023, bayan juyin mulkin Nijar, yayana ne ya riƙe harkar ba tare da an koya masa sabon abu ba.

To jama'a, darasin a fili yake. A tara sani, a rubuta shi, a koya wa na baya. Mu da muka iya rubutu da lissafi, mu taimaki iyayenmu da riƙe littafi. Allah ya sa mu dace, amin.